Ka fara shiga madafa kafin ka hau hanyar gudu

Ka ce kana so ka rubuta labarin wani gida na Yahudawa da suka ɓoye addininsu a Sifaniya har suka samu suka tsere, kana tambayata yadda za ka tsara gudun ya riƙe mai karatu. Yaro, ba don tambayar nan ta fama mini tsohon miki ba, da ban tanka ba, don ku yaran yanzu kuna tambaya ne ido na kan waya, kafin mutum ya gama magana kun ce kun gane. Batun raba babi da zana halin mutane ba zan taɓa shi ba. Wanda bai iya wannan ba ya ajiye alƙalami.

Wace shekara labarinka yake? Ba ka faɗa ba, na kuma san ba ka tsayar ba. Dokar da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka sa wa hannu ranar 31 ga Maris 1492 ta kori Yahudawan da suka ƙi karɓar Kiristanci ne, aka ba su zuwa ƙarshen Yuli, aka hana su fita da zinariya da azurfa. Waɗannan a fili suka tafi, suna sayar da gida a kan kuɗin jaki. Naka mutanen su ne waɗanda aka yi wa wankan shiga Kiristanci, wasu tun kashe-kashen da aka yi wa Yahudawa a 1391, suna zuwa coci ranar Lahadi, suna riƙe da addinin kakanninsu a ɗaka. Kotun binciken aƙida da aka kafa a 1478 a kan irinsu take da iko, domin a wurinta su Kiristoci ne da suka yi ridda. In ka cakuɗa waɗannan biyun, littafinka ya mutu tun shafin farko.

Na taɓa yin wannan aikin, shi ya sa nake maka magana da zafi. Lokacin da kasuwar littattafan Hausa take ci a Kano, wani ɗan kasuwa mai buga littattafai ya same ni har gida. Ba zan kama sunansa ba. Ya ce masu karatu sun gaji da soyayyar 'yan makaranta, yana son labarin tarihi mai nauyi, kuma duk garin ba wanda zai iya sai ni. A nan dai gaskiya ya faɗa. Ya ajiye ɗan kafin alƙalami, muka yi musabaha a kan za a raba riba. Mutumin da muke haɗa sahu a masallaci, wa zai ce masa kawo takarda mu sa hannu?

Na bar duk wani aiki. Wani malamin tarihi ya ara mini littattafan Turanci da suka ɗauko bayanan shari'o'in kotun nan, ina karantawa da ƙamus a gefe. A nan na ga abin da ya gina mini littafin gaba ɗaya: shaidun da ake kai mutane wuta da su, yawancinsu daga madafa da ɗakin kwana suke fitowa. Wance tana sauya zanen gado da tufafi ranar Juma'a. Wance tana girki da man zaitun, ba ta taɓa kitsen alade. Ana jiƙa nama a zare masa jini, ana cire jijiyar cinyar rago. Tukunya tana kwana kan garwashi tun daren Juma'a don kada a hura wuta ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa, maƙwabci kuwa ya ɗaga kai ya ga ba hayaƙi a gidan. Wa yake kai wannan labari? 'Yar aikin gida, da maƙwabciya, wani lokaci ɗan'uwa da aka matsa wa a kurkuku. Kuma wanda ake tuhuma ba a gaya masa sunan wanda ya kai ƙararsa, dukiyarsa kuwa ranar da aka kama shi ake riƙe ta.

Sai na rubuta babi guda, yammacin Juma'a, uwa tana neman dalilin da za ta aiki 'yar aikinta kasuwa don ta kunna fitila a cikin tulu yadda haske ba zai fita ta taga ba, yarinyar kuma ta dawo da wuri. Ba wanda ya ɗaga murya a babin nan. Duk wanda na karanta wa sai ya yi tsit. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba, har yau.

Na kai masa rubutun hannuna cikin littattafan makaranta. Yau ana bugawa a keken rubutu, gobe takarda ta yi tsada, jibi ya yi tafiya. Ina ta zarya har takalmina ya san hanyar shagon. Rannan ina wucewa wajen masu baza littattafai sai na ga wani sabo, an manna hoton 'yar fim ɗin Indiya a bangonsa, da wani suna na daban, da sunan wani yaro a matsayin marubuci. Na buɗe, na ga mutanena, an sauya musu sunaye. Babin madafar an cire shi ɗungurungum. An cusa tseren dawaki da wasan takobi a kan rufin gida. An sa uwar tana kunna fitila mai rassa bakwai a bakin taga, matar da duk rayuwarta ɓuya ce! An sa ɗanta yana karanta Ibrananci kamar ruwa, alhali bayan tsara ɗaya ko biyu mutanen nan harshen ya kuɓuce musu, addu'o'insu da harshen ƙasar suke yi, suna tsinto Zabura daga littafin coci. Har an sa limamin coci yana cinna wa mutum wuta da hannunsa, alhali kotun miƙa wanda ta yanke wa hukunci take yi ga hukumar gari ta ƙone.

Na je na same shi. Ko kunya babu, ya ce, "Malam, kasuwa ce, mata ba sa son labarin tukunya." Na kai maganar gaban manya, aka ce ina takarda? Ya rantse labarin yaronsa ne. Rubutun hannuna bai dawo ba. Kuɗina ban yafe ba, babin nan kuwa ya fi kuɗin ci mini rai, don na gwada sake shi bai fito kamar na farko ba.

To kai ma tseren dawakin kake nema, na ji shi a tambayarka. Gudun mutanen nan shiri ne na shekaru. Ana mayar da dukiya takardar bashi da za a karɓa a wata ƙasa, ana tura ɗa ɗaya gaba da sunan fatauci, ana barin gida da kaya a ciki don kada a gane ba za a dawo ba. Dubi Gracia Mendes Nasi, wadda aka sani da sunan Kirista Beatriz de Luna: daga Lisbon zuwa Antwerp, zuwa Venice, zuwa Ferrara, ba ta isa Istanbul ba sai 1553, ita da take da dukiyar da sarakuna ke cin bashi a cikinta, har tana fitar da wasu. In ka kai mutanenka Fotugal kana zaton sun tsira, ka sani a 1497 Sarki Manuel ya tilasta wa Yahudawan can shiga Kiristanci, aka ƙwace yara daga iyayensu, a 1506 aka yi musu kisan gilla a Lisbon, a 1536 aka kafa irin kotun nan a can ma. Mafita ta gaske ita ce Fas ta Maroko, ko Salonika da Istanbul ƙarƙashin Daular Usmaniyya, inda Sarki Bayazid na biyu ya karɓe su, daga baya kuma Amsterdam.

Kuma kada son burge 'yan gida ya sa ka ratsa da su Sahara ka sauke su a Kano. A daidai wannan zamanin ne Shehu Magili, wanda ya zauna da Sarki Muhammadu Rumfa, ya tayar wa Yahudawan Tuwat, a saharar Aljeriya ta yau, har aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit. Hanyar nan ba ta buɗe musu ba. Ka rubuta abin yadda ya faru, kada ka shafa wa kowa mai.

Wasu ma ba su gudu ba. A Belmonte ta Fotugal, sai a 1917 wani injiniyan haƙar ma'adinai, Samuel Schwarz, ya tarar da jikokinsu suna nan, tsofaffin mata ne ke riƙe da addu'o'in. Saboda haka uwa ko kaka za ka ba wa ragamar labarin, kuma ka tsayar da ranar da za a gaya wa yaron gidan ko shi wane ne, don ba a faɗa wa ƙaramin da bakinsa bai da linzami.

Je ka zaɓi gari ɗaya da shekara ɗaya, ka rubuto mini yammacin Juma'a ɗaya a gidan, da 'yar aikin a ciki, da sunanta da abin da take bin uwar gida bashi. Kada ka turo mini ta waya, ka kawo a takarda. Ka kuma riƙe kwafinka, ko ni ne na ce ka bar mini.