Wa ke naɗa shugaban jami'a, wa kuma ke da ikon cire shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya a aji uku a wata jami'ar tarayya. A watan Fabrairun 2025 na ji a rediyo cewa shugaban ƙasa ya sauke shugabar Jami'ar Abuja, ya kuma rushe majalisar gudanarwarta. Wasu na murna, wasu na cewa an taka doka. Ni a sanina jami'a ta gwamnati ce, wanda ya naɗa shi zai cire. To ina aka taka doka? Kuma mu iyaye ina abin ya shafe mu? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sa ta gama lafiya. Abin da kika ɗauka shi yawancin mutane suka ɗauka, kuma a da haka abin yake. Amma a dokar da ake aiki da ita yanzu, ba shugaban ƙasa ke naɗa shugaban jami'ar tarayya ba. Majalisar gudanarwar jami'a ce ke naɗa shi, bayan ta gama sai ta sanar da shugaban ƙasa. Sanarwa kawai, ba neman izini ba.

Dokar ta samo asali daga wata dokar soja ta 1993, aka yi mata gyara a 2003 zamanin Obasanjo, gyaran da malamai ke kira dokar 'yancin jami'a. Kafin nan sunaye uku ake kai wa shugaban ƙasa ya ɗauki wanda ya ga dama. A zamanin soja ma abin ya wuce haka, domin a 1995 gwamnatin Abacha ta ɗora Manjo Janar Mamman Kontagora a matsayin kantoma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya riƙe ta har 1998. Irin wannan tarihin ne ya sa malamai suka dage sai an cire hannun gwamnati daga zaɓen shugabansu.

Sai ki san su wane ne a majalisar, don a nan kan maganar yake. Akwai shugabanta, wanda gwamnati ke naɗawa, da mutum huɗu daga waje su ma naɗin gwamnati, da wakili ɗaya daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Sauran 'yan gida ne: shugaban jami'a, wato VC kamar yadda kowa ke faɗa, da mataimakansa, da mutum huɗu da majalisar malamai ta Sanate ke zaɓa, da biyu daga taron ma'aikata masu digiri, da ɗaya daga tsofaffin ɗalibai. Idan kin lissafa za ki ga 'yan gida sun fi yawa, kuma da gangan aka tsara haka. Kada ki haɗa shugaban wannan majalisa da uban jami'a, wanda galibi sarki ne ake gani cikin babbar riga ranar yaye ɗalibai. Nasa muƙami na girmamawa ne, ba ya shiga harkar mulki.

Idan wa'adin VC ya kusa ƙarewa, kuma wa'adin shekara biyar ne tak babu tazarce, majalisa kan tallata gurbin a jarida tare da sharuɗɗa. A kafa kwamitin da zai nemo waɗanda suka cancanta amma ba su nema ba. Daga nan wani kwamitin mutum biyar, shugaban majalisa da 'yan majalisa biyu da farfesoshi biyu daga Sanate, ya gana da masu nema, ya fitar da uku. Cikin ukun nan majalisa ke ɗaukar ɗaya. Na taɓa tsayawa a farfajiyar ginin Sanate a irin wannan rana. Tun bayan la'asar ma'aikata suka yi cirko-cirko, kowa waya a kunne, masu shara da direbobi da farfesoshi duk a tsaye wuri guda, ana kallon tagar ɗakin taro a bene. Sai bayan isha'i magatakarda ya sauko da takarda a hannu. Duk wanda ya ga wannan ya san kujerar ba ƙaramar aba ba ce a wurin mutanen da ke ci a ƙarƙashinta.

Cirewa ma a hannun majalisa take. Sai an zargi VC da babban laifi ko rashin lafiyar da ta hana shi aiki, a kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisa da Sanate ya bincika, a ba shi damar kare kansa. Idan bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa ga shugaban ƙasa, wanda doka ta ba matsayin mai sa ido a kan jami'a, ana kiransa Bizita. Shi Bizita yana da ikon tura kwamitin bincike aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, yana kuma da ikon rushe majalisa idan an same ta da rashin iya aiki da almundahana, da sharaɗin a kafa wata nan take. In ba haka ba wa'adinta shekara huɗu ne.

To kin ga inda gardamar Abuja ta fito. Majalisa ta naɗa Farfesa Aisha Maikudi a matsayin VC a ƙarshen Disambar 2024, wasu malamai suka yi ta ƙorafi a kan sharuɗɗa da yadda aka gudanar da zaɓen, a farkon Fabrairu fadar shugaban ƙasa ta sauke ta, ta rushe majalisar, ta ɗora Farfesa Patricia Lar riƙo na wata shida. Masu murna suna ganin an gyara ɓarna. Masu cewa an taka doka suna tambaya ne a wace aya aka ba shugaban ƙasa ikon sauke VC kai tsaye, ko naɗa na riƙo, alhali doka ta ce majalisa ke naɗa na riƙo bisa shawarar Sanate. Watanni kaɗan kafin nan, a Nuwamban 2024, an yi makamancin haka a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka.

Ra'ayina, Hajiya, ko da majalisa ta yi kuskure, gyara ta hanyar sanarwa daga fada ba alheri ba ne. Dubi Jami'ar Legas a 2020. Majalisar gudanarwa da Wale Babalakin ke shugabanta ta tsige VC Farfesa Oluwatoyin Ogundipe a watan Agusta, gwamnati ta tura kwamitin bincike na musamman, Sanate ta zaɓi Farfesa Folasade Ogunsola ta yi riƙo, a Nuwamba aka mayar da Ogundipe saboda ba a ba shi damar kare kansa yadda ya kamata ba. An ɗauki wata uku, amma an bincika kafin a yanke hukunci. Ban kuma wanke 'yan gida ba. Sau da yawa mu malamai ne ke ɓata lamarin, a yanka sharuɗɗan talla daidai wuyan wani, ko a tayar da maganar ɗan ƙasa da baƙo a jami'ar da ake kira ta tarayya. Idan bango ya tsage, ai dole ƙadangare ya samu wurin shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne na Yunin 2023, lokacin da aka rushe majalisun dukkan jami'o'in tarayya a lokaci guda, ba tare da an tuhumi ko ɗaya da laifi ba, kuma ba a rantsar da sababbi ba sai Yulin 2024. Shekara guda cur jami'o'i na tafiya babu majalisa. A nan ne abin ya shafe ki. Majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, da manyan kwangiloli irin na ɗakunan kwana da ɗakunan gwaji, da ƙarin girma zuwa farfesa, da korar malamin da aka kama yana cin zarafin ɗalibai. Idan babu ita, sai VC ya kwashi fayil ya nufi ma'aikata a Abuja ya bi layi. Malamin da ƙarin girmansa ya maƙale yakan tattara ya bar ƙasar, ajin 'yarki ya zauna babu mai koyarwa. Kuma wannan batu yana cikin abin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ke lissafawa idan tana barazanar yajin aiki. Kin dai san na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba yara suna gida.

Duk wannan bayani a kan jami'o'in tarayya ne. Na jihohi kowace da dokar da majalisar jiharta ta yi mata, gwamna ne Bizita, kuma a da yawansu hannunsa ya fi tsawo a zaɓen VC.

Idan kina son sanin halin da jami'ar 'yarki take ciki, ki tambaye ta abu biyu: shin akwai majalisar gudanarwa a zaune, kuma VC ɗin cikakke ne ko na riƙo? Na riƙo bai kamata ya wuce wata shida ba. Idan kika ji ana ta sabunta masa wa'adi, to akwai rigimar da ba a kashe ba, kuma ƙungiyar iyaye ko ta tsofaffin ɗalibai tana da hurumin rubuta wa shugaban majalisar ta nemi bayani.