Zafin ruwan wankin fim, amsa ga yarona

Kai yaro, wai degre ɗaya ko biyu mi za su ɓata in mutum yana wanke fim mai kala a gida? Tambayar nan taka ta tado mini wani tsohon miki.

Kodak da suka fito da C-41, wato tsarin wanke fim mai kala, cewa suka yi ruwan farko, rebelater, ya tsaya degre 37,8, minti 3 da sakan 15, sassaucin da suka bari ko kwata na degre bai kai ba. Ba baƙi-da-fari ba ne da kake yi a 20 ka ƙara minti ka wuce. Fim mai kala hawa uku ne a kan juna, in zafi ya kauce kowane hawa da gudunsa yake nuna, sai inuwa ta ja wata kala, haske ya ja wata, babu filtar da ke gyara wannan.

Ina saurayi nan Tahoua na ɗauki bikin ɗiyar wani alhaji, fim shida masu 36, cikin tsakiyar hunturu. Tarmometar tawa ta fashe, na sayi wata mai araha a kasuwa don ƙyashin jika biyu, ashe ƙarya take da degre uku, ga tankin da ake wanke fim ciki kuma ban ɗuma shi ba, sanyin asuba ya shanye zafin tun ina zubawa. Da na buga, fuskar amarya kore kamar miyar kuka, farar shaddar ango ta koma wani iri. Kwana uku ina ƙona takarda. Alhajin ya zo ya zage ni gaban maƙwabta ya ce ba zai biya ko dala ba, amma fa ya kwashe hotunan har da kilishe, wato fim ɗin da na wanke. Bayan shekara na shiga gidansa na gan su jere a bango cikin gilas! Har gobe ban yafe ba.

Ku yaran yanzu waya ta lalata ku, komi latsawa. Zuba ruwa a roba babba, sa kwalabe da tanki ciki su zauna sai zafinsu ya zama ɗaya, tarmometa biyu, ka auna cikin kwalbar ba cikin robar ba. Ruwa na biyu da ruwan kurkura ba su da tsanani, degre biyu uku ba komi. Watan Afrilu kuwa ruwan famfo da kansa yakan wuce 38, ƙanƙara za ka nema. Naɗa fim da sauran, in har yanzu sai an gaya maka to koma saida goro.