Wa ya fara ƙera na'urar zagayen duniyoyi?

Malam, ka tambaya ko a Ingila aka fara ƙera na'urar da ke kwaikwayon tafiyar rana da wata da duniyoyi. A'a, an riga su nesa ba kusa ba. A 1901 aka tsamo wata ta tagulla daga jirgin ruwan da ya nitse kusa da tsibirin Antikythera na Girka. Ta haura shekara 2,000, faya-fayanta masu haƙora har husufi suke lissafawa.

Ta Landan kuwa, maƙeran agogo George Graham da Thomas Tompion suka yi ta wajen 1704, rana a tsakiya.

Ni dai ta Eise Eisinga ce gwanata. Mai sana'ar ulu ne a Holand, a silin ɗakinsa ya kafa ta, ya gama a 1781, har yau tana juyawa.