Tambaya da amsa: Shin 'yan jakunkunan tsara kaya suna ƙara wa akwati wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum. In Allah ya yarda bana zan sauke farali, kuma wannan ne karo na farko da zan hau jirgin sama. 'Yata ta nuna mini wasu ƙananan jakunkuna masu zif, masu kusurwa huɗu, da ake zuba tufafi a ciki sannan a jera su cikin akwati. Ta ce in na saya, akwatina zai ci kaya ninki biyu. Gaskiya ne, ko ɓarnar kuɗi ce? In suna da amfani, yaya zan tsara kayana da su? Daga wata maniyyaciya a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sa ki yi karɓaɓɓen Hajji.

Maganar 'yarki akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ta ɗan yi ƙari. Jakunkunan suna da amfani, kuma ina ba maniyyata shawarar su saya, amma ba don akwati ya ci kaya ninki biyu ba. A filin jirgi ba ruwan ma'aikaci da yadda kika jera kaya, sikeli zai duba. Yawancin kamfanonin jirage suna ƙayyade kilo 23 ga kowane akwati a kujerun gama-gari, ba sa karɓar akwati guda da ya haura kilo 32, jakar hannu kuma kilo 7 ne ko 8. Na alhazai kuwa, hukumar alhazai ce ke sanar da shi, don haka ki tambaya a wurin bita ki rubuta. Babu jakar da ke rage wa tufa nauyi ko na giram ɗaya.

Iri biyu za ki tarar a kasuwa. Akwai ta yau da kullum, mai raga a sama. Akwai kuma ta matsi, mai zif na biyu da ya zagaye ta: bayan kin rufe, sai ki ja shi ya matse iskar da ke tsakanin tufafi. Ta matsi tana rage girman tawul da rigar sanyi da hijabai masu taushi sosai, amma atamfar da aka goge aka ninke ba ta da wata iska da za a matse. A nan ne mutane ke faɗawa tarko. Mace ta matse kaya, ta ga wuri ya samu, ta ƙara kala uku, ta ƙara takalmi, sai an ɗora akwati a sikeli a ce ta rage. Babu abin da ke sosa mini rai kamar in ga dattijuwa ta durƙusa a tsakiyar jama'a tana fitar da kayanta, ana jiran ta a layi.

Amfaninsu na gaskiya yana wani wuri. Aikin Hajji ba masauki ɗaya ba ne. Da yawa daga cikin alhazanmu Madina suke fara sauka, su yi 'yan kwanaki, su ɗauki harami a Zul Hulaifa su nufi Makka, tafiyar da ta haura kilomita 400. Ranar 8 ga Zulhajji a fita Mina, 9 ga wata Arafa, a kwana Muzdalifa, a koma Mina har 12 ko 13 ga wata, sannan Makka, sannan gida. A masauki kuma mata huɗu ko fiye ne a ɗaki guda, kowa da akwatinta. Wadda ta zuba kaya haka kawai, duk sanda take neman safa ɗaya sai ta birkice akwatin gaba ɗaya, sau da yawa da asuba, ana sauri kada jam'i ya wuce.

Saboda haka kada ki raba kayan bisa irinsu, wato riguna nan, zannuwa can, kamar yadda masu talla ke nunawa. Ki raba su bisa inda za ki buƙace su. Jaka ɗaya ta Madina: kayan da za ki sa a kwanakin can, kowace kala da hijabinta da kayan cikinta. In kin isa, ita kaɗai za ki ciro, sauran akwatin ya zauna yadda kika jera shi tun daga Gusau. Jaka ɗaya ko biyu na zaman Makka, wanda shi ne mafi tsawo, kuma za ki riƙa wanki, don haka kala huɗu ko biyar sun isa.

Wadda na fi so ki ba muhimmanci ita ce ta Mina. Babban akwati a masaukin Makka ake barin sa, ƙaramar jaka kawai ake fita da ita, wurin kwanciya a tanti kuma ɗan kaɗan ne. Ki haɗa wannan jakar tun kina gida, hankalinki kwance: kaya marasa nauyi kala biyu ko uku, hijabi, kayan ciki, ƙaramin tawul, sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda harami. Ki rufe ta, kada ki sake buɗewa sai ranar 7 ga wata. A wannan daren masauki ya kan cika da hayaniya, kowa na neman abinsa, ke kuwa ɗauka kawai za ki yi ki saka a jakar goyo.

Ƙaramar cikinsu ta shiga jakar hannu, da kaya kala ɗaya da magungunanki a cikin kwalayensu tare da takardar likita, domin akwati ya kan yi jinkirin isowa. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka ma a jakar hannu ake sa shi, an hana sa shi a akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi. Almakashi da reza su ne akasin haka. Duk abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Fasfo da guzuri kuwa ba su da wuri a kowace irin jakar tsara kaya, a jikinki za su zauna.

Wajen zubawa, tufa mai taushi a naɗe ta kamar tabarma a jera a tsaye, atamfa a ninke ta daidai faɗin jakar. Shadda mai sitati da leshi mai duwatsu ba sa son matsi, za su yamutse. Ni dai ra'ayina ki bar su a gida, zafin Makka a waɗannan shekarun yana haura digiri 40, yadi mai shan iska za ki nema.

Wannan zafin ne ma ya sa nake fifita mai raga. Ki ware jaka guda ta kayan dauɗa, kuma kada ki rufe tufa mai danshin gumi ko wankin da bai gama bushewa ba, zai yi wari ya shafi sauran. Ki sani kuma yawancin jakunkunan nan ba sa tare ruwa. Humra da turare da mai, a ɗaure bakin kwalba, a sa a leda biyu, a ajiye nesa da tufafi. Yaji da kuka da garin kunu ma haka, a ledar da ake ganin abin da ke ciki. Goro kuwa hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa kada a tafi da shi Saudiyya. Kuma don Allah, Hajiya, ko wane ne ya kawo miki ƙulli ya ce saƙo ne, kada ki karɓa in ba ki buɗe kin gani da idonki ba. In akwatinki a tsare yake, kin san abin da ke cikin kowace jaka, ko jami'i ya ce ki buɗe, ɗaya bayan ɗaya za ki ɗaga masa ki mayar.

In za ki saya, biyar ko shida sun wadatar, ba sai kin ɗauki saiti mai guda takwas ba. Ki auna cikin akwatinki tukuna. Ki ja zif ɗin sau da yawa a gaban mai kaya, don shi ne ke fara lalacewa. Ki zaɓi launi daban-daban, ki rubuta sunanki da sunan wuri a kan kowace, da boko ko da ajami, tunda jakunkunan alhazan jiha ɗaya iri ɗaya ne, kaya kan cakuɗe. In kuɗin ya yi yawa, tela zai ɗinka miki da ragowar yadi mara nauyi da zif mai ƙwari. Rigar filo ko ƙunshi a ɗankwali ma za su yi wannan aikin, sai dai ba sa jeruwa daidai a kusurwar akwati.

Ki bar kamar kashi ɗaya cikin uku na akwatin babu komai, saboda dabino da darduma da jallabiyoyin tsaraba; a dawowa ne ta matsi za ta yi miki rana, muddin kina lura da nauyi. Ruwan Zamzam ba a sa shi cikin akwati, ki bi tsarin da hukuma ta yi masa. Kafin ranar shiga sansanin alhazai, ki hau sikelin gida ke kaɗai, ki sake hawa riƙe da akwatin, ki cire na farko daga na biyu. In ya rage kilo biyu ko uku ki kai iyaka, ki tsaya nan, domin sikelin gida da na filin jirgi su kan ɗan saɓa.