Tun da aka yi min tiyata na daina kallon madubi

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Kansar ƙwan mahaifa aka gano min, aka cire mahaifar da ƙwayayen duka sannan aka ɗora ni kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar kansa. Alhamdulillah likita ya ce sauƙi na samuwa amma ni wallahi ji nake kamar ba mace ba, gashina ya zube har gira, ga tabon ɗinki tun daga cibiya har mara, ko kaya zan canja sai na kashe fitila, maigida in ya matso sai in juya baya. Butulci nake yi wa Allah?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ba butulci ba ne ko kaɗan, mutum na iya gode wa Allah da ya bar shi da rai kuma ya yi kukan abin da ya rasa.

Kinga ƙwayayen nan da aka cire su ke samar da sinadarin istrojin, wato hormon ɗin da ke tafiyar da al'ada da yanayin jikin mace, to rana ɗaya jikinki ya faɗa yanayin ɗaukewar al'ada wanda sauran mata ke shiga a hankali cikin shekaru, shi ya sa za ki ji zafi na taso miki, zufa cikin dare, bushewar gaba, sha'awa ta ja baya, rai na saurin ɓaci. Duk wannan ki faɗa wa likitanki baki da baki, kar kunya ta hana ki, abin da ke ci min rai ke nan, mata na fama a ɓoye alhali akwai man shafawa mai ruwa-ruwa na bushewar, akwai maganin hormon ma amma wannan sai likita ya duba irin kansarki tukuna, kar ki saya da kanki.

Gashi kuwa yana fara tsirowa makonni kaɗan bayan kemo na ƙarshe, wani lokacin laushinsa ya ɗan canja. Tabon ma zai dushe, sai dai yakan ɗau shekara ko fiye.

Maigida fa, ƙila shi tsoro yake kar ya ji miki ciwo, ke kuma kina fassara shirunsa da ƙyama. Ki zaunar da shi ki ce masa ga abin da nake ji, ki gaya masa cutar kansa ba a ɗaukarta ta wajen kwanciya, in ya yarda ku je ganin likita tare.

In baƙin cikin ya wuce sati 2 ba barci ba cin abinci, ko kika fara jin gara ki mutu, ki nemi a haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa a ranar, kar ki jira ranar komawa asibiti.