Dusashe, dakushe, koɗe: amsoshin wannan makon

Wani malamin firamare daga Ringim yana tambaya: Malam, daidai ne a ce wuƙa ta dusashe?

A'a ɗan'uwa, wuƙa dakushewa take yi, ko dasashewa, duka biyun ana faɗa. Dusashe ko dushe na haske ne. Fitila ta dushe in kananzir ya yi ƙasa, tocila ta dushe in batir ya yi sanyi, tsoho yana gani dushi-dushi, shi ya sa ake cewa tauraron wane ya dusashe in an daina yayinsa. Murya kuwa dishewa take yi, ko disashewa. To amma yanzu a rediyo sai ka ji wai "tauraruwarsa ta dakushe", tauraro yana da kaifi ne? Wallahi abin yana damuna, don yara suna ji suna ɗauka, kai kuma malami kai za a bari da aikin gyara a aji. In ka rikice ka tambayi kanka: abin nan wasa shi za a yi ya dawo? In wasawa ne to dakushe ce. Shi ya sa "an dakusar masa da ƙwazo" ta zauna daidai, ƙwazo ana wasa shi.

Wata baiwar Allah daga Kura ta ce atamfarta ta dusashe ne ko ta koɗe, sun yi gardama da kishiyarta.

Hajiya ke da kike Kura ai ke ya kamata mu tambaya! Tufa koɗewa yake yi, rana da wanki su cinye launin. In kuma launin yana fita a ruwan wanki har ya kama wani kayan, wannan zuba ce, zane yana zuba. Ki lura kar ki haɗa da koɗa, wadda ake yi wa dutsen niƙa in ya yi sulɓi.

Ki bar ni in ɗan tsaya a garinku. Turkuɗin Kura da Buzaye ke saye su yi rawani, bayan an tsoma shi a marina sai masu bugu su yi ta dukansa da shuni har ya yi ƙyalli, kuma shunin nan yana kama fatar mai sanye da shi, goshi da wuya da hannu, ba wanda ya taɓa kiran wannan datti, ado ne, alamar ka sayi mai tsada. Nan ne wasu ke danganta "masu hannu da shuni" da muke ce wa attajirai, ni ma nan na fi karkata. Duk wanda ya tsaya bakin karofi, ko a Kura ko a Ƙofar Mata cikin birnin Kano, ya ga yadda ake haɗa baba da toka a bar su su ruɓa kwana da kwanaki, a tsoma farin ƙyalle ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Mutanen da suka san wannan aikin ba za su ce maka "kala ta fita" su yi shiru ba, sai sun faɗa maka zuba ya yi ko koɗewa, ko kuwa tun farko rinin ne bai kama ba. Mu yanzu komai kala.

Wani ɗalibi daga Gumel: mene ne jirwaye a "jirwaye mai kama da wanka"?

Sawun da ruwa ke bari a jiki mai ƙura ko a tufa in ya bushe, wani wuri fes wani wuri dabbare-dabbare. An taɓa ruwa amma ba a yi wanka ba. Ana faɗinta ga wanda ya kewaya bai fito fili ya faɗi magana ba, ko ya yi abu rabi da rabi don a ce ya yi.

Daga Bichi an tambayi cikon "a rina".

An saci zanen mahaukaciya. Kowa ya san zanenta, ɓarawo dole ya kai marina, wato abin da dama an san zai faru.

Mai tambaya kan tabo da taɓo: tabo na miki ne ko na manja a riga, taɓo na damina ne. Dan Allah ka riƙa sa lanƙwasar.