Daimon Biyu, Takarda Iri Ɗaya, Ƙyalli Daban: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ina son sayen zagayayyen daimon mai nauyin karat 1. Na duba na Tiffany, na Hearts On Fire, da na Whiteflash da suke kira A Cut Above. Kowa na cewa yankansa ya fi na kowa. Wanne ne ya fi kyau a ido?

Amsa: Malam, ba za ka saka kamfani a yatsa ba, dutse ɗaya tak za ka saka. Don haka dutse za ka gwada da dutse. Duwatsu biyu da suka fito daga gida ɗaya na iya bambanta fiye da biyun da suka fito daga gidaje daban.

Zagayayyen daimon yana da fuska 57, ko 58 idan an daddatse tsinin ƙasa. Haske yana shiga ta sama, ya bugi fuskokin gindi, ya dawo idonka. Idan gindin ya yi zurfi da yawa, hasken sai ya zurare ta ƙasa, tsakiyar dutsen ta yi duhu kamar kan ƙusa. Idan kuma ya yi faɗi babu zurfi, sai ka ga wani farin zobe a ciki kamar idon kifi. Tun 1919 Marcel Tolkowsky ya lissafa ma'aunin da har yau ake kewayawa a kansa: tebur, wato shimfiɗaɗɗiyar fuskar sama, kashi 53 cikin 100 na faɗin dutsen, kusurwar kambi, wato gangaren da ke kewaye da teburin, digiri 34.5, kusurwar gindi digiri 40.75. Abin da waɗannan kamfanoni ke sayar maka da tsada shi ne alkawarin cewa sun tsaya kusa da waɗannan lambobin, sun kuma daidaita fuskokin da juna.

To, ka karɓi takardar awon kowane dutse ka duba. Ka nemi tebur tsakanin kashi 54 da 57, zurfi tsakanin kashi 60 da 62.5 na faɗin dutsen, kambi digiri 34 zuwa 35, gindi 40.6 zuwa 40.9. Kada kalmar "Excellent", matsayin yanka mafi girma da cibiyar auna duwatsu ta GIA ta Amurka ke bayarwa, ta sa ka rufe ido. Matsayin yana da faɗi: dutse mai tebur kashi 61 da gindi digiri 41.6 na iya samunsa, kuma ba zai yi wuta irin ta wanda ke tsakiyar ma'aunin ba. Ka kuma sani cewa Tiffany su ke auna duwatsunsu da kansu su ba da takardarsu, saboda haka lambobi za ka kwatanta, sunan matsayin ba zai taimake ka ba.

Idan lambobin sun yi kusa, bambancin da ya rage na sha'awa ne. Akwai siraran fuskokin da ke gangarowa daga ƙugun dutsen, wato gefensa mafi faɗi, zuwa ƙasa. In tsawonsu ya tsaya wajen kashi 75 na tazarar ƙugu zuwa tsini, siffofin kibiyoyi takwas da ake gani a cikin dutsen daga sama suna yin kauri, ƙyallin ya zo manya-manya, jefi-jefi. In ya kai 80, kibiyoyin su sirance, ƙyallin ya zama ƙanana masu yawa kamar tartsatsi. Babu wanda ya fi wani. Ka sa a ajiye maka duwatsun a jere a kan farar takarda, a juya sunan kamfanin baya, ka kalle su daga nisan kamu ɗaya ko biyu, kana ɗan karkata su. Idan ka kasa nuna mai tsadar, to ka san abin da ƙarin kuɗin ke saya: akwati da suna. Wanda ya ga zai iya, ba laifi, amma ya biya da saninsa.

Tambaya: Na sayi zobe makonni uku da suka wuce. A kanti kamar zai makantar da ni, yanzu kuwa ya dushe. Ko barci ba na iya yi, ina tsoron an cuce ni.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, da wuya a ce cuta ce. Daimon yana jan maiƙo sosai. Man shafawa da sabulu suna taruwa a bayan dutsen, wato a gindin da ke mayar da haske, sai ya mutu. Ki zuba ruwa mai ɗumi a kofi, ki ɗiga sabulun wanke kwanuka, ki jiƙa zoben minti 20, sannan ki goge ƙarƙashinsa da buroshin haƙori mai laushi. Ki ɗauraye a cikin kwano, kada ki yi a bakin magudanar ruwa.

Sannan fitilun kanti an zaɓe su ne don su sa kowane dutse rawa: ƙananan fitilu masu kaifi da yawa a sama, su ke fito da launukan nan na ja da shuɗi. A hasken ɗaki ko a inuwa, dutse mai kyau fari yake yi mai haske, da ɗan duhu-duhu a tsare, ba ya tartsatsi. Idan kin wanke kin kai bakin taga kuma har yanzu tsakiyarsa duhu ce, ko gefensa ya yi toka-toka, sai ki ɗauki takardarsa ki gwada da lambobin da na ba mai tambayar farko, ki kuma duba ko kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba.

Tambaya: An ce daimon na gaske yana yanka gilashi kuma guduma ba ta fasa shi. In gwada?

Amsa: Gwada mana, in kana da kuɗin zubarwa. Daimon ya fi komai tauri wajen karce, amma yana da jijiyar da yake tsagewa ta kanta, bugu ɗaya ya isa. Gilashi kuwa ko zirkoniya, dutsen da ake yin daimon na jabu da shi, tana karce shi. Ajiye gudumar.

Tambaya: Wani dillali ya nuna min dutse da takardar GIA da hoton zukata da kibiyoyi, ya ce yankan wani babban kamfani ne, amma zai ba ni a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa domin ba ya da akwatin. In saya?

Amsa: Alhaji, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa zai bar kashi biyu cikin uku saboda kwali? Wannan tambayar tana zuwa da kamanni iri-iri, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne masu yinta sun riga sun so a ce musu "saya".

Takarda ba dutse ba ce. Ana buga ta jabu, ana kuma haɗa takardar gaske da wani dutsen daban. Lambar rahoton za ka shigar a shafin GIA na intanet ka ga abin da ya fito. Daga nan ka karɓi gilashin ƙara girma mai ninki 10, ko abin da ya fi shi ƙarfi, ka nemi lambar da aka rubuta da leza a ƙugun dutsen. Ko ta yi daidai ba a gama ba, domin an sha kama duwatsun da aka yi wa rubutun ƙarya. A ɗora shi a sikeli: karat 1 giram 0.2 ne, kuma takarda na ba da nauyi har lamba biyu bayan ɗigo. A auna faɗinsa: mai karat 1 da aka yanka da kyau yana kai milimita 6.4 zuwa 6.5. In ka ga 6.1, nauyin ya ɓuya a gindi, kana biyan kuɗin abin da ido ba ya gani. In kuma faɗin ya yi daidai amma nauyin ya haura nesa, zirkoniya ce, don ta fi daimon nauyi da fiye da rabi. A ƙarshe a duba tabon cikin dutsen, a ga ko yana inda zanen takardar ya nuna.

Kada ka yarda da ɗan alƙalamin nan da ake dangwala wa dutse ya yi ƙara. Yadda dutse ke jan zafi yake aunawa, kuma moisanait, wani dutse mai kama da daimon, na iya ruɗin sa. Moisanait ana gane shi ta yawan launin bakan gizo, da yadda layukan gindinsa ke bayyana biyu-biyu idan ka leƙa ta gefen kambi. Daimon da aka ƙera a masana'anta kuwa daimon ne sak ta fuskar sinadari, ido ba ya raba shi da na haƙa, alƙalamin ma haka, sai na'ura ta musamman. Sayensa ba aibu ba ne, yakan ma zo da yanka mai kyau. Aibun shi ne a sayar maka da shi a kuɗin na haƙa, alhali nasa ya yi ƙasa ƙwarai.

Batun hoton kuma: zukata takwas ta gindi ake ganinsu, sai dutsen yana kwance a kife, ba a ɗaure a zobe ba. Kibiyoyi takwas su ne ta sama. Hoton da aka turo maka a waya na iya zama na kowane dutse a duniya. Ka ce a sa naka a madubin da ke nuna zukata da kibiyoyin a gabanka. Zukatan su zama girma ɗaya, babu mai tsagewa, babu wadda ta manne da kan kibiyar da ke ƙarƙashinta. Ka kuma nemi a duba shi da ASET, madubin da ke nuna hasken da dutse ke mayarwa ta hanyar launuka: ja shi ne haske mai ƙarfi, kore mai rauni, shuɗi shi ne inuwar kanka, inda kuwa launin bango ya leƙo, haske ne ke zuba. Dillalin da ya fara cewa yana sauri da zarar ka ambaci kai dutsen wurin masani mai zaman kansa, ka bar masa kayansa. Kada ka biya ko rabin kuɗi kafin a gama wannan binciken, cinikin biri a sama ke nan.

Tambaya: Wani kamfani na tallar daimon mai fuska fiye da 58. Yawan fuska ya fi ƙyalli?

Amsa: A'a, Hajiya. Yana farfasa ƙyallin ne ya zama ƙanana, kuma a dutsen da bai kai karat 1 ba yakan koma kamar dakakkiyar ƙanƙara. GIA ba ta ba irin wannan yankan matsayin yanka, don haka ba ki da lambar da za ki gwada shi da wani, kuma ran da za ki sayar, masu saye kaɗan ne. In ya burge ki, ki ajiye shi kusa da mai fuska 57 a bakin taga tukuna.